Jadawalin matsayin jami'o'i: nawa ne rabonsa idan za ka zaɓi inda za ka karanta kasuwanci?

Da zarar sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya fito aka fara sayen fom, tambaya ɗaya ce ke yawo a Aboabo da Asawase da Sawaba: wace jami'a ce ta ɗaya a Gana? Ni akanta ne, ina riƙe da littattafan wani kamfanin sarin kaya a Adum, kuma ina cikin waɗanda ke zama su tantance yaran da ke zuwa wurinmu neman aiki ko bautar ƙasa. Shi ya sa iyaye kan tare ni da wannan tambaya a ƙofar masallaci bayan isha'i. Abin da nake gaya musu shi ne, in aka raba wannan shawara kashi goma, kashi ɗaya nake ba jadawali. Wannan kiyasina ne, daga abin da na gani a wurin aiki. Sauran tara suna cikin abubuwan da sai an tashi an bincika, wasu da waya, wasu da ƙafa.

Kafin ka ɗora makomarka a kan lamba, ka fara sanin abin da aka auna aka fitar da ita. Manyan jadawalan duniya guda uku ne: QS, da Times Higher Education da ake taƙaitawa THE, da na Shanghai wanda ya fara fitowa a 2003. A tsarin da QS ya koma kai tun jadawalinsa na 2024, kashi 30 cikin 100 na makin ra'ayin malaman jami'o'i ne da aka tambaya a faɗin duniya, kashi 15 ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata, kashi 20 kuma yawan yadda wasu masana suka ambaci binciken malaman jami'ar a rubuce-rubucensu. A THE, bincike da ingancinsa sun kwashe kusan kashi 60. Na Shanghai ma ya fi nisa da mu, domin kashi 30 na makinsa yana kan lambar yabo ta Nobel da ta Fields da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka ci. To, ka duba da kyau. A cikin duk wannan babu inda aka tambayi ko malamin da zai koya maka lissafin haraji yana shiga aji a kan lokaci, ko yana duba aikin da ya ba ku, ko ku nawa ne a zauren lacca.

Akwai kuma wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba. THE ba ya saka jami'a a babban jadawalinsa sai ta wallafa takardun bincike aƙalla 1,000 cikin shekara biyar. Makarantar da aikinta koyar da akanta da talla da sha'anin banki, ba ta da asibitin koyarwa, ba ta da manyan ɗakunan gwaje-gwaje, da wuya ta tara wannan adadi. Rashin ganin sunanta a jerin bai nuna ba ta iya koyarwa ba. Ba a ma shigar da ita gasar ba.

Ka dubi yadda abin yake a nan gida. A jadawalin THE na 2022 Jami'ar Cape Coast ce ta zo ta ɗaya a Gana da Afirka ta Yamma baki ɗaya. A 2023 KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha tamu ta nan Kumasi, ta zo ta ɗaya a duniya a wani jadawalin THE na daban, wanda ke auna gudummawar jami'a ga muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ɓangaren ilimi mai inganci. A wannan shekarar dai Jami'ar Ashesi ta Berekuso ta zo ta tara a jadawalin farko da THE ya ware wa ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Jami'ar Gana da ke Legon kuwa ita kan sha gaban sauran a QS. Duk gaskiya ne, babu wanda ya yi ƙarya a allon tallarsa. Kowa ma'auninsa daban, kuma dukansu jami'ar gaba ɗayanta suka auna, da likitocinta da injiniyoyinta da masanan aikin gonarta. Kai kuwa sashe ɗaya za ka shiga, ka zauna a gaban malamai ƙalilan har shekara huɗu.

Wanda ke hangen Amurka ma ya san wannan: jadawalin da mujallar US News ke fitarwa na digirin farko a kasuwanci ra'ayi ne zalla. Shugabannin makarantun kasuwanci da manyan malamansu ake aika wa takarda su ba takwarorinsu maki daga 1 zuwa 5. Suna ne ke jawo suna. Jaridar Financial Times da ake yawan ambata kuwa digiri na biyu take aunawa, irin su MBA, don haka idan makaranta ta ɗaga maka tutar Financial Times alhali digirin farko kake nema, tutar wani ajin ce. Inda ake karɓar alƙaluma daga hannun makarantu kuma, an sha kama masu ƙari. Tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple a Amurka, Moshe Porat, kotu ta same shi da laifi a 2021 kan alƙaluman ƙarya da suka riƙe shirinsu na MBA ta intanet a matsayi na ɗaya shekara huɗu a jere, aka yanke masa wata 14 a gidan yari. Jami'ar Columbia ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a jadawalin US News a 2022 bayan wani malaminta na lissafi ya tona asirin alƙaluman da aka miƙa.

Duk da haka ban ce a jefar da jadawali ba. Aikinsa irin na rariya ne, ya fitar maka da tsakuwa a tankaɗen farko. Idan sunayen makarantu goma sha biyar suna yawo a kanka, musamman na ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, ka duba jadawali biyu ko uku, ka ga waɗanda ke fitowa a kai a kai shekara da shekaru. Ka dubi rukuni, kar ka dubi lamba. Tsakanin ta 40 da ta 55 babu wani bambanci da ɗalibi zai ji a jikinsa, amma tsakanin wadda ake gani kullum da wadda ba a taɓa jin ɗuriyarta a ko'ina ba akwai abin tambaya. Ka rage su zuwa huɗu ko biyar, ka rufe shafin. Daga nan ainihin aikin zai fara.

Abu na farko, izini. Hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020 bayan an haɗe tsofaffin hukumomi biyu masu kula da manyan makarantu, ita ke tantance makaranta, ita kuma ke tantance kowane kwas daban. Nan mutane ke faɗawa rami. Makaranta tana iya zama da izini, amma kwas ɗin da kake so bai samu ba, ko wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba. Kada ka ce ai babbar jami'a ce, ba sai an duba ba, domin rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasa na shekarar 2021 ya lissafa ɗaruruwan kwasa-kwasai a manyan jami'o'in gwamnati da ake koyarwa ba tare da izini mai ci ba. Ka shiga shafin GTEC, ka nemi sunan makarantar, ka nemi sunan kwas ɗin, ka duba ranar ƙarewar izinin. Idan kwaleji ce mai zaman kanta da ba ta samu takardar cin gashin kai daga shugaban ƙasa ba, ka tambayi wace jami'a ce ke kula da ita, domin sunan waccan jami'ar ne zai fito a kan takardar shaidarka.

Sai kuɗi, kuma a nan nake so iyaye su zauna da ni mu daɗe. Kuɗin da ake bugawa a takardar shiga na shekara ɗaya ne, karatun kuwa na huɗu ne. Ka ɗauki biro da takarda. Ka rubuta kuɗin makaranta, da kuɗin ɗaki, da abinci, da mota, da kwamfutar hannu, da data, da kuɗin buga takardu. Wanda ya taɓa nema wa yaro ɗaki a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, unguwannin da ke kewaye da KNUST, ya san sau da yawa kuɗin ɗakin kan wuce kuɗin makarantar kanta, kuma na shekara ake biya gaba ɗaya. Ka ninka sau huɗu, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda tsadar kaya. Ba mu manta Disambar 2022 ba, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 bayan sidi ya zube, iyayen da makarantun 'ya'yansu ke lissafi da dala suka rasa inda za su sa kansu. Idan gurbin masu biyan cikakken kuɗi aka ba ka saboda makinka bai kai ba, lissafin ya sake canzawa, sai a sake shi daga farko.

Na san wani yaro a layinmu, mai ƙoƙari ne ƙwarai, da aka kai wata jami'a mai babban suna a irin wannan gurbi. Mahaifiyarsa da kuɗin adashi ta biya shekarar farko, ta biyu aka sayar da fili, ta uku babu abin sayarwa. Ya dawo gida ba takarda, ga bashi. Har yau idan na gan shi a shagon wayoyi a Alabar zuciyata kan sosu, domin da an kai shi inda ƙarfin gidan zai ɗauka, da yanzu ya gama har ya yi bautar ƙasa. Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗan Kumasi da zai iya kwana a gida, ya hau trotro zuwa Tech Junction ko Tanoso, ya ci tuwon gidansu da dare, ya rage wa iyayensa kaya mai nauyi. Wanda za a tura Accra kuma, a fara tambaya ko akwai kawu ko gwaggo a Madina ko Nima da za su riƙe shi, tunda UPSA, jami'ar koyar da sana'o'in ƙwararru, da Legon duk ba su da nisa da Madina. A kuma nemi taimako tun kafin a shiga: asusun ba ɗalibai rance na SLTF yanzu da katin Ghana Card ake nema ba sai da mai tsaya maka ba, akwai ofishin tallafin karatu na gwamnati, akwai kuma tallafin Mastercard Foundation a KNUST da Ashesi ga yara masu hazaƙa da gidansu ba shi da ƙarfi. Ashesi tana da tsada, amma wanda ya samu cikakken tallafi a can lissafinsa ya sha bamban, don haka kar a yanke hukunci kafin a nema.

Yanzu ka tambayi kanka me kake son zama. Kasuwanci ba kwas ɗaya ba ne. Akwai akanta, akwai banki da harkar kuɗi, akwai talla, akwai kula da ma'aikata, akwai sufuri da sarrafa kaya daga masana'anta zuwa hannun mai saye. Wannan na ƙarshen yaranmu ba su cika kula shi ba, alhali kakanninmu da fataucin goro suka kafa zangon nan, ga Kejetia a gabanmu, ga hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Accra. Makarantar kasuwanci ta KNUST tana koyar da shi tun daga digirin farko.

Idan akanta kake so, to ka saurare ni da kyau, domin wannan fagena ne. A aikinmu digiri ƙofa ce kawai. Abin da ke ɗaga albashi ya ba ka ikon sa hannu a kan lissafin kamfani shi ne takardar ƙwarewa, ta ICAG, hukumar ƙwararrun akantoci ta Gana wadda aka kafa a 1963, ko ta takwararta ACCA ta Ingila. Jarrabawar ICAG matakai uku ce. Ta ACCA takardu 13 ce, kuma ana iya ɗauke wa mai digirin da suka amince da shi har guda tara. Kowace takarda da aka ɗauke maka watanni ne na karatu ka huta. Don haka ka tambayi makaranta kai tsaye: wanda ya gama wannan kwas, takardu nawa ICAG ke ɗauke masa, nawa ACCA ke ɗauke masa? Ka tabbatar da amsar a wurin hukumomin da kansu. UPSA, wadda Nana Opoku Ampomah ya kafa a 1965, asalinta ma makarantar shirya ɗalibai ce don irin waɗannan jarrabawa, shi ya sa ake yawan samun ɗalibanta sun fara rubutawa tun suna aji biyu ko uku. Mai son banki ya yi irin wannan tambaya game da CIB, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, mai son talla game da CIMG, ta ƙwararrun masu talla.

Idan yaro ya zauna a gabana neman aiki, nakan duba sunan makarantarsa, ba zan ɓoye ba. Amma dubawar ba ta wuce ta ɗan lokaci. Bayan nan sai in miƙa masa littafin kuɗinmu da takardar banki in ce ya daidaita su, ya nuna min inda bambancin ya fito. In buɗe masa Excel in ce ya fitar min da waɗanda bashinsu ya wuce wata uku. In tambaye shi yadda ake cike takardar harajin VAT ta hukumar haraji GRA da ta hukumar fansho SSNIT. Na ga masu takardar manyan jami'o'i da suka yi wannan cikin sauƙi, na ga waɗanda suka kasa. Na ga 'yar Jami'ar Fasaha ta Kumasi da ta gama kafin in gama shan shayina, domin duk hutu tana zuwa wani ofishi sanin makamar aiki. Abin da ya raba su shi ne ko hannunsu ya taɓa aikin.

Saboda haka ka je ka gani, gani ya kori ji. Kada ka tsaya a ofishin ɗaukar ɗalibai, aikinsu ne su yaba. Ka nemi 'yan aji uku da aji huɗu. Hanya mafi sauƙi gare mu ita ce masallacin makarantar ko 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, ka yi sallar azahar da su, ka gabatar da kanka, za su gaya maka gaskiya. Ka tambaye su: ku nawa ne a aji? Malami ya san sunan wani a cikinku? Ana fitar da sakamako a kan lokaci? Makaranta ce ke nema muku wurin sanin makamar aiki ko kowa tasa ta fisshe shi? Waɗanda suka gama bara, ina aka tura su bautar ƙasa, su nawa aka riƙe bayan shekarar ta cika? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi kowace muhimmanci, domin a Gana yawancin aikin farko daga wurin bautar ƙasa yake fitowa. Idan 'ya mace ce, uwa ko yaya ta raka ta, su ga ɗakin kwana da idonsu, su ga hanyar da za ta bi idan lacca ta kai dare, su tambayi 'yan mata masu hijabi yadda zaman yake. Yarinyar da hankalinta bai kwanta ba karatu ba zai zauna mata ba, ko makarantar ta ɗaya ce a duniya.

Akwai inda nake ƙara wa suna da jadawali nauyi, daga kashi ɗaya zuwa uku ma. Wanda burinsa manyan kamfanonin binciken kuɗi ne irin su PwC da KPMG da Deloitte da EY, ko hedikwatar banki a Accra, ya sani cewa tsofaffin ɗalibai suna jan na bayansu, kuma makarantun da suka daɗe irin su Legon da KNUST da Cape Coast da GIMPA suna da mutane a ko'ina. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan zango wanda ba shi da kawu a ofis. Haka wanda zai kashe dala ko fam ya fita waje tun digirin farko: a nan jadawali yana kare ka daga dillalan da ke tura yara makarantun da ko a ƙasarsu ba a san su ba. Ka haɗa da duba ko makarantar tana da shaidar AACSB ko EQUIS, manyan masu tantance makarantun kasuwanci. Wasu ƙasashe ma sun ɗaura biza a kan jadawali. Lokacin da Ingila ta fito da bizar masu hazaƙa a 2022, sharaɗinta shi ne jami'arka ta kasance cikin 50 na farko a biyu daga cikin manyan jadawalan nan uku, kuma babu jami'ar Afirka ko ɗaya da ta shiga.

Amma wanda zai yi digirin farko a gida da niyyar fita digiri na biyu, darajar sakamakonsa ta fi matsayin makarantarsa tasiri. Yawancin jami'o'in Ingila babbar daraja ta biyu suke nema, tallafin Chevening kuma yana son a haɗa da aikin shekara biyu. A KNUST daraja ta ɗaya daga maki 70 take farawa, babbar ta biyu daga 60. Gara ka fito da sakamako mai kyau daga makaranta mai izini da ka iya biya hankali kwance, da ka fito da na ƙasa daga wadda ka yi shekara huɗu kana fama da yunwa da kuɗin haya.

Wani dattijo da nake girmamawa ya taɓa ce min, "Malam, ni dai so nake a ce ɗana yana babbar jami'a, yadda na 'yan'uwana suke." Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, burinka mai kyau ne, kuma in hali ya kai ni ma can zan so masa. Amma a ba ni dama mu yi lissafin shekara huɗun tare, mu kuma kira yaron mu ji abin da yake son zama." Yara, haka ake yi da iyaye. Kada ka tsaya gardama da mahaifinka a kan lambar da ka gani a waya. Ka kawo masa takarda a rubuce, makarantu uku, kowace da kuɗinta da izininta da abin da ɗalibanta suka gaya maka, in da hali ka tafi da wani babba da yake jin maganarsa. Idan bayan duk wannan makarantu biyu suka yi kunnen doki, to a nan ka sake buɗe jadawali ka ɗauki wadda ke sama.

Saura cike fom. Jimillar makinka daga darussa shida take fitowa, uku na dole da uku na zaɓi, A1 maki ɗaya, C6 maki shida, kuma ƙarancin jimilla shi ne ƙarfi. Ka duba makin da aka tsaya a kai bara a kwas ɗin da kake so, ka san yana motsawa kowace shekara. Kwasa-kwasan da ake rububi galibi waɗanda suka sa su a zaɓi na farko ake fara dubawa, don haka kada ka ɓata zaɓin farko a kan abin da makinka ya yi nisa da shi. Ka sayi fom aƙalla biyu in aljihu ya yarda, ɗaya na inda kake buri, ɗaya na inda kake da tabbas. Ka sayi katin a banki ko ta hanyar da jami'ar ta sanar a shafinta, ban da hannun ɗan tsakiya. In a shagon intanet za a cike maka, ka zauna kusa da mai shagon har ya gama, ka karanta sunanka da ranar haihuwarka da lambar jarrabawarka da jerin kwasa-kwasan kafin ya tura, lambar wayar da za a sa kuma ta zama taka ko ta mahaifinka.